Tsohon Ciki: Aikin Da Ke Wuyan Maigida Kafin Naƙuda Ta Kankama

Da zarar cikin mace ya tsufa, gaisuwar da take samu daga maƙwabta da dangi takan sauya. Duk wanda ya gan ta sai ya ce, “Allah ya raba lafiya.” Mijinta kuwa ba kasafai ake tambayarsa halin da yake ciki ba. Ana ɗauka cewa nasa aikin bai zo ba sai ranar da aka ce masa barka, ya nemo abin suna, abokai su riƙa tsokanarsa da angon ƙarni.

Masana lafiyar mata masu juna biyu suna ganin abin ta wata fuska. A wurinsu, makonni 12 na ƙarshen ciki su ne lokacin da ake yanke shawarwarin da kan raba haihuwa lafiya da asarar rai, kuma a yawancin gidajen Najeriya waɗannan shawarwari suna hannun maigida ne. Inda za a haihu, kuɗin da za a kashe, abin hawan da za a shiga da tsakar dare, da wanda zai ba da jini idan an buƙata, duk a kansa suke tsayawa.

Fadan Kagoma da hanyar asibiti

Fadan Kagoma, hedkwatar masarautar Gwong da ke Ƙaramar Hukumar Jema'a a kudancin Jihar Kaduna, ya isa misali. Garin shi ne mahaifar marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, wanda ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Jihar Bayelsa a watan Disamban 2012. Babban asibitin Kafanchan, hedkwatar ƙaramar hukumar, an sanya masa sunansa, kuma a 2025 gwamnatin tarayya ta amince da mayar da shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya. A Kafanchan ɗin dai akwai kwalejin jihar da ke horas da ma'aikatan jinya da ungozoma.

Tsarin kiwon lafiya na ƙasa ya tanadi cewa haihuwar da ba ta zo da matsala ba za a iya karɓarta a cibiyar lafiya ta matakin farko. Idan naƙuda ta yi gardama, ko jini ya ɓalle, ko jijjiga ta kama mai ciki, sai a tura ta babban asibiti, inda ake tiyata da ƙarin jini. Ga magidancin da ke zaune a Fadan Kagoma ko ƙauyukan da ke kewaye, wannan na nufin tafiya zuwa wani gari, sau da yawa cikin dare. Damina a yankin tana ɗaukar kimanin watanni 6 zuwa 7, daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma hanyoyin ƙauye kan lalace da ruwa. Ga kuma fargabar tafiyar dare a yankin da ya sha fama da rikice-rikice da dokar hana fita a shekarun baya.

Akasarin magidantan yankin manoma ne, kuma citta na cikin manyan amfanin gonar da ke kawo musu kuɗi. Ana shuka ta a farkon damina, a haƙe ta a ƙarshen shekara. Cikin da zai faɗo a watan Agusta ke nan zai zo lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗi kuma suna binne a gona. Cutar da ta afka wa gonakin citta a kudancin Kaduna a daminar 2023 ta nuna wa manoma da dama cewa amfanin da ba a haƙe ba, ba a dogara da shi wajen biyan kuɗin asibiti.

Dalilin da ya sa ake maganar miji

Alƙaluman da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a watan Afrilun 2025 sun nuna cewa mata kimanin 260,000 ne suka mutu a duniya a 2023 sakamakon ciki da haihuwa. Kimanin 75,000 daga cikinsu a Najeriya suke, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu.

Binciken lafiya da yanayin jama'a na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya gano cewa kashi 39 cikin 100 kacal na haihuwa ake yi a asibiti, kashi 43 kuma a hannun ƙwararren ma'aikacin lafiya. Binciken ya kuma nuna cewa fiye da rabin matan aure, kimanin kashi 56 cikin 100, sun ce miji ne ke yanke hukunci kan lafiyarsu.

Tun 1994 wasu masu bincike biyu a Amurka, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka fayyace jinkiri iri uku da ke kashe mata masu haihuwa. Na farko shi ne jinkirin yanke shawarar neman taimako. Na biyu jinkirin isa asibiti. Na uku jinkirin samun kulawar da ta dace bayan an isa. Na ukun ya fi rataya a wuyan gwamnati da ma'aikata. Biyun farko kuwa a cikin gida suke farawa: ana jiran maigida ya dawo daga gona ko kasuwa, ana jiran ya yarda, ana jiran ya ranto kuɗi, ana neman mai babur ko mota.

Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ba da shawara a 2015 cewa a riƙa jawo maza cikin kula da mai ciki, haihuwa da jego. Sai dai ta gindaya sharaɗi: a yi hakan ta hanyar da za ta mutunta zaɓin matar, kada shigar miji ta zama ƙarin takunkumi a kanta.

Lissafin kwanaki

Abu na farko da ke rikita sabon magidanci shi ne ranar da aka rubuta a katin awo. Ana lissafa ta da kwana 280, wato mako 40, daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe. Ƙiyasi ce kawai. Jarirai kimanin 5 cikin 100 ne ke zuwa a ainihin ranar. Cikin da ya kai mako 37 ana ɗaukarsa ya isa haihuwa, wanda ya zo kafin haka kuma bakwaini ne. Idan ciki ya kai mako 41 babu naƙuda, shawarar WHO ita ce ma'aikatan lafiya su tayar da ita a asibiti, domin daga nan mabiyiya kan fara gajiya da ciyar da yaro.

Ma'anar haka ga miji ita ce shirinsa ya kamata ya kammala tun ciki na mako 36. Wanda ya tsara doguwar tafiya yana cewa saura mako uku, yana iya dawowa ya tarar an gama komai, da daɗi ko babu daɗi.

A 2016 hukumar ta ƙara yawan zuwa awo daga sau 4 zuwa aƙalla sau 8, kuma 5 daga ciki sun faɗo ne a ƙarshen ciki: mako na 30, 34, 36, 38 da 40. A waɗannan ziyarori ake auna hawan jini, a duba fitsari, a san yawan jinin jiki, a kuma tabbatar da kwanciyar yaro. A nan ne ake gane ko ya juyo da kai ƙasa, ko ya zo da ɗuwawu, ko ya kwanta a gicciye. Mijin da ya raka matarsa ko sau ɗaya zai ji da kunnensa ko an ce ta haihu a ƙaramar cibiya ko a babban asibiti. Ma'aikata kan tura waɗanda aka taɓa yi wa tiyata, masu ɗauke da tagwaye, masu hawan jini, masu sikila, da waɗanda suka yi haihuwa 5 ko fiye zuwa babban asibiti tun kafin naƙuda.

Abin da shi kansa yake ji

Al'ada ta koya wa namiji ya haɗiye damuwarsa. A ƙasar Hausa kunyar ɗan fari takan hana ma'aurata nuna ɗokinsu a gaban manya, kuma a gidaje da yawa ana mayar da mai cikin fari gidan iyayenta goyon ciki tun watanni kafin haihuwa. Mijin sai ya zama mai jiran saƙo. A sauran al'ummomin Arewa ma ɗakin haihuwa fagen mata ne, na uwar miji da uwar mata da ungozoma.

Duk da haka jikin namiji da zuciyarsa ba sa zama shiru. Likitoci sun daɗe da sanin mazan da kan yi tashin zuciya, ciwon baya, ciwon haƙori, ƙiba ko rashin barci yayin da matansu ke da ciki, sannan alamomin su gushe bayan haihuwa. Ana kiran yanayin da kalmar Faransanci “couvade”, wadda asalinta ke nufin kwancin kaza a kan ƙwai. Yakan fi bayyana a watannin farko da na ƙarshen ciki.

Wani nazari da aka wallafa a Amurka a 2010, wanda ya tattara sakamakon bincike 43, ya gano cewa kimanin uba 1 cikin 10 na fama da ciwon tsananin damuwa tsakanin ɗaukar ciki da shekarar farko ta jariri. A wurin maza ciwon kan fito da saurin fushi, janye jiki daga iyali, daɗewa a waje, ko dogaro da barasa da ƙwayoyi. Nazarin ya kuma nuna cewa idan uwa na cikin wannan hali, uban ma ya fi yiwuwa ya shiga. Wani binciken kuma da aka yi a ƙasar Filifin, aka wallafa a 2011, ya nuna cewa sinadarin mazantaka na testosteron yana raguwa a jikin namiji idan ya zama uba, musamman wanda ke taya renon ɗansa.

Fargabar magidanci ba ta rasa tushe. Kusan kowa ya san wata da ta tafi wajen haihuwa. Abin da ke rage fargabar shi ne sanin abin da za a yi, da kuma samun wanda za a gaya wa, ko dattijo a dangi, ko fasto, ko liman, ko ma'aikacin lafiya. Idan damuwar ta wuce mako biyu tana hana barci da aiki, ta zama rashin lafiyar da ake zuwa asibiti dominta.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Ma'aikatan lafiya suna koyar da abin da suke kira shirin haihuwa, kuma ginshiƙansa huɗu sun fi shafar miji.

Na farko izini ne. Magidanci ya faɗa tun da wuri, a gaban mahaifiyarsa da 'yan'uwansa da duk babban da ke gidan, cewa idan naƙuda ta taso ko wata alama ta bayyana, a tafi asibiti ko yana nan ko ba ya nan. Magana ce ta minti ɗaya, amma tana kawar da jinkirin sa'o'i.

Na biyu kuɗi. A ware su daban, a hannu, inda matar ta sani, domin waya da na'urar cirar kuɗi kan ƙi aiki lokacin da aka fi buƙatarsu. Jihar Kaduna na da hukumar inshorar lafiya ta taimakekeniya, KADCHMA, wadda ake iya yin rajista da ita tun da wuri. A watan Nuwamban 2024 kuma Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa galihu a asibitocin da aka tantance. Yana da kyau a tambaya a wurin awo wane asibiti ne ke cikin shirin, da takardun da ake buƙata. Ko da tiyata kyauta ce, kuɗin mota, abinci da na mai jinya suna nan.

Na uku abin hawa. A yi magana da direba ɗaya, a sami na biyu a madadinsa, a riƙe lambobinsu a wayar miji da ta mata. Mai babur ya ajiye mai a tanki. A wasu jihohin Arewa an horas da direbobin ƙungiyar NURTW domin kai masu naƙuda asibiti cikin gaggawa, kuma ana iya tambaya a tasha ko akwai irinsu. Iyalin da ke ƙauye mai nisa ko bayan rafi, dabara ita ce matar ta koma gidan dangi kusa da asibiti a makonnin ƙarshe.

Na huɗu jini. Zubar jini bayan haihuwa ita ce kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa a duniya, kuma tana iya halaka mace mai lafiya cikin sa'o'i 2. A san rukunin jinin matar, a nemi mutum biyu ko uku masu lafiya da suka yarda su bayar. Abin da ake ɗiba a jikin mai bayarwa bai kai rabin lita ba, kuma jiki na mayar da shi. Mijin ma a gwada nasa, domin idan jinin matar mai alamar ragi ne, nasa kuma mai alamar ƙari, akwai allurar da ake yi mata cikin sa'o'i 72 bayan haihuwa don kare 'ya'yan da za ta haifa nan gaba.

Bayan waɗannan akwai aikin yau da kullum. A yankin da mata ke da hannu sosai a noma, ɗebo ruwa da ɗauko itace, rage wa mai tsohon ciki nauyi taimako ne na zahiri. Haka tabbatar da tana shan ƙwayoyin ƙarin jini, tana karɓar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a wurin awo, tana kuma kwana cikin gidan sauro.

Alamomin da ba a jira da su

Miji ne kan fara ganin sauyi, tunda shi ke kwana a gidan. Zubar jini ko kaɗan ne, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, wahalar numfashi, ciwon ciki mai tsanani da ba ya lafawa, fashewar faya ba tare da naƙuda ba, da raguwar motsin yaro, kowace ɗaya ta isa a kama hanya nan take. Haka naƙudar da ta wuce sa'o'i 12 a gida, ko fitowar hannu, ƙafa ko cibiya kafin kai.

Jijjiga na cikin abin da ake yawan yi wa mummunar fahimta, a danganta ta da iskoki ko sammu, a tsaya hayaƙi da tofi. Asalinta hawan jini ne na masu ciki, kuma akwai allurar da ke tsayar da ita a asibiti. Jiƙe-jiƙen saurin naƙuda kuwa suna iya sa mahaifa ta matse fiye da kima har ta fashe. Doguwar naƙuda, da yankan gishiri da wasu ke yi a gida, su ne manyan hanyoyin kamuwa da yoyon fitsari.

Idan likita ya ce sai an yi tiyata, a asibitoci da dama akan nemi miji ya sa hannu. A nan wasu ke ɓata lokaci suna kiran dangi, saboda tunanin cewa tiyata gazawa ce ga mace. Ma'auratan da suka tattauna batun tun ciki na wata bakwai ba sa tsayawa gardama a ƙofar ɗakin tiyata.

A ƙofar ɗakin haihuwa

A jagororin da ta fitar a 2018, WHO ta ce kowace mace na da damar samun wanda ta zaɓa ya kasance tare da ita a lokacin naƙuda da haihuwa, ko miji, ko uwa, ko 'yar'uwa. Bincike ya nuna cewa hakan na taƙaita naƙuda, yana kuma rage buƙatar tiyata. A asibitocin gwamnati da dama, inda mata da yawa ke naƙuda a ɗaki guda, ba a barin maza su shiga saboda sirrin sauran. Wata matar ma ita da kanta ta fi son mahaifiyarta. Aikin miji a nan shi ne ya kasance kusa, wayarsa a kunne, domin shi za a aika sayen magani, shi za a kira wurin gwajin jini.

A ɓangaren asibiti ma ana samun ci gaba. Wani gwaji da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, tare da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano cikin jagororinsa, ya nuna cewa auna jinin da ya zuba da wata leda mai ma'auni, tare da ba da magunguna a lokaci guda, ya rage mummunar zubar jini da kimanin kashi 60 cikin 100. Wannan dabara sai wadda ta isa asibiti take amfana da ita.

Kukan jariri ba shi ne ƙarshen jira ba

Sa'o'i 24 na farko bayan haihuwa su ne mafi haɗari ga uwa da jariri, shi ya sa ake son su kwana a asibiti ko da komai ya tafi daidai. Gaggawar komawa gida don karɓar 'yan barka ba ta da amfani. A sa jariri a nono cikin sa'a ɗaya, ya sha dakashi, kada a zubar. A jinkirta wankansa zuwa kwana ɗaya, a shafa wa cibiya maganin da asibiti ya bayar kaɗai, a karɓi rigakafin tarin fuka, shan inna da ciwon hanta. Rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa aiki ne da uba zai iya ɗauka. Ana kuma son mai jego ta koma a duba ta a kwana na 3, tsakanin kwana na 7 da na 14, da kuma bayan mako 6.

A gidajen Hausawa miji kan tara itacen wankan jego tun kafin haihuwa. A shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya na masu jego da wanka da tafasasshen ruwa, kwanciya kan gadon wuta da yawan shan kunun kanwa. Binciken baya-bayan nan ya ƙara da hawan jini da ƙarancin abinci mai gina jiki. Mai jegon da ke haki, tari ko kumburin ƙafa tana buƙatar likita, kuma wadda ta yi hawan jini ta nemi shawara kafin shan kanwa.

Dokokin aiki sun fara la'akari da uba. A watan Satumban 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikatanta maza idan matansu sun haihu. Legas ta riga ta fara da kwana 10 tun 2014, Kaduna kuma ta ba ma'aikatanta mata hutun wata 6 tun 2019. Manomi da ɗan kasuwa ba su da mai ba su hutu, don haka tsara wanda zai kula da gona ko shago a makon haihuwa yana cikin shiri.

A Jamhuriyar Nijar, Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fara makarantun mazaje a jihar Damagaram a ƙarshen shekarun 2000. Magidanta masu mutunci a gari kan zauna su tattauna awo da haihuwa a asibiti, su kuma jawo hankalin sauran maza. Shirin ya bazu zuwa sauran jihohin ƙasar da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma.

A Fadan Kagoma da maƙwabtanta akwai wuraren da maza ke haɗuwa tun da can: ƙungiyoyin maza na majami'u, masallatai, ƙungiyoyin manoman citta, tashoshin mota da fadar masu gari. Zumuntar mata ta daɗe tana ɗaukar nauyin ziyarar masu jego. Idan maza a nasu tarukan suka riƙa tambayar wanda matarsa ke da tsohon ciki ko ya shirya mota, kuɗi da mai ba da jini, za a rage jinkirin farko da na biyu tun kafin motar ta kama hanyar Kafanchan.